Wayar da Na Juya a Ƙofar Kaura

Aminu, Hadiza, da sauranku, tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa Baba Lawal ne ya lalata kaset ɗin kakanku. Kun ji daga bakin Inna kafin ta rasu, kun ji daga mahaifiyarku, kun kuma ji daga bakina fiye da kowa, don ni na fi kowa maimaita maganar. Saboda ita ba ku san cikin gidansa na Ƙofar 'Yandaka ba, 'ya'yansa kuma in kun haɗu a wajen biki sai ku gaisa sama-sama kamar maƙwabtan haya. Yanzu idona ya fara gazawa, kunnen da na ci abinci da shi shekara da shekaru ya fara yi mini ƙarya. Kafin hannun ma ya ƙi, bari in rubuta muku abin da ya faru a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula.

Kakanku, Malam Isa, makaɗin mahauta ne. Da kalangunsa ya ciyar da mu. Kullum da sassafe yana kwata, in an gama fiɗa ya bi rumfunan nama ɗaya bayan ɗaya, kowane mahauci ya kira shi da sunansa, da sunan ubansa, da na kakansa, da kirarin kowannensu, har can baya inda shi kansa mai rumfar bai san danginsa sun kai ba. Ba a rubuce suke ba. A kansa suke, kamar yadda ya karɓa daga nasa uban. Ni da Yaya Lawal mu biyu ne maza, kuma dukkanmu muka guji kalangu. Kunyarsa muke ji, in faɗa muku gaskiya. Mun shiga boko, mun ga fiyano, sai muka ga ai kiɗan bakin rumfar nama bai dace da mu ba. Baba bai taɓa yi mana gori ba. Abin da ya ƙi kawai shi ne a ɗauki muryarsa. Sau nawa masu rikoda suna zuwa yana korarsu, yana cewa shi ba ya yi wa ƙarfe waƙa.

Situdiyonmu ɗaki biyu ne a Ƙofar Kaura, mun manna katifu da kwalayen ƙwai a bango don kada ƙarar babura ta shigo. Yaya ne mai fiyano kuma mai baki, shi ke kawo aiki. Ni ne mai miksa, na'urar haɗa sauti. Na koyi aikin wajen wani tsohon injiniya da ya bar gidan rediyo, Malam Iro, mutum mai faɗa, kuma abu ɗaya ya dasa mini a kai wanda nake taƙama da shi a garin nan: yadda ake sa wa murya amsa-kuwwa, abin da muke ce wa eko. Akwatin eko daban yake, ɗan ƙarami baƙi. Malalacin mai haɗa sauti yakan soka makirfo kai tsaye cikin akwatin, daga akwatin zuwa miksa, daga miksa zuwa kaset. Murya da eko sun cakuɗe ke nan har abada. Malam Iro kuwa ya koya mini in bar murya ta bi hanyarta tsaf zuwa layinta na rikoda. A kan miksa kowane layi yana da ɗan maɓallin aike, mu 'yan sana'a muna ce masa sen. In ka murɗa shi, sai ya ɗebi kaɗan daga muryar ya tura wa akwatin ta wata waya, akwatin ya dawo da amsa-kuwwar ita kaɗai ta wani layin daban. In ta yi yawa ka rage, in ba ka so ka kashe, murya tana nan yadda mai ita ya fitar da ita. Da yake ya san ɗan gidan wa nake, sai ya ce mini:

“Kai da ka tashi a rumfar nama, ka taɓa ganin an zazzage yaji duka a kan tsire kafin mai saye ya zo? A gefen takarda ake zuba shi. Wanda ke so ya dangwala.”

Da wannan na yi suna. Mawaƙa kan ce in Sani ya ɗauke ka, ko numfashinka za a ji. Ina jin daɗin haka, kaina kuma ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Sai siyasa ta dawo. Ku da kuka tashi a cikinta ba za ku gane irin haukan da aka yi ba. Mutanen da jiya ba su da ko keke sai ga su da hula ta tsaya da motar lasifika, kowa yana neman kujera, kowa kuma yana son waƙa. Ɗan takarar kansila yana son waƙa, na ciyaman yana son uku. Mawaƙan da ba su taɓa haɗa baiti biyu ba duk suka fito, situdiyo ya cika da warin turare da hayaƙin janareta. Kuma dukkansu abu ɗaya suke so, eko. A ganinsu in sunan mutum ya maimaita kansa sau biyar a lasifika, ya riga ya ci zaɓe. Akwai wani wakilin ɗan takara, Alhaji Bala, wanda ya mai da ɗakinmu kamar na ubansa. Wata ranar Laraba da la'asar ya kawo mawaƙinsa, yana son waƙa uku kafin magariba. Na ɗauki ta farko yadda na saba, na zauna zan haɗa, ya tsaya a kaina yana kaɗa makullin mota.

“Malam Sani, mi kake yi haka tun ɗazu? Ƙara mashi eko mana! So nike a ji sunan mai gida kamar daga sama yake saukowa.”

Na ƙara. Ya ce bai ji ba. Na sake ƙarawa har sunan ya fara hawa kan ɗan'uwansa, ya ce a Kano ba haka ake yi ba, can mawaƙi yana rerawa kaset yana fita, babu wani zaman haɗawa. Yaya ya matso kusa da ni ya rage murya.

“Sani, don Allah bar wanga iyayin naka. Soka makirfon cikin akwati kai tsaye mu sallami mutane.”

“Yaya, in na yi haka ba ya gyaruwa.”

“Wa ya ce maka waƙar siyasa gyara take so? Bayan zaɓe wa zai saurare ta?”

Raina ya ɓaci, don a gaban baƙo ya kira aikina iyayi. Na tashi na zagaya bayan tebur, na zare wayar makirfon murya daga miksa na soka ta cikin akwatin da hannuna. Ban tsaya nan ba. Don in huce, na murɗa maɓallin maimaici kusan ƙarshe, na ce a raina to ku sha. Alhaji Bala ya ji sunan mai gidansa yana ta birgima a lasifika, ya yi tafi, ya ce yanzu na zama injiniya. Aka gama waƙa uku kafin magariba. Na rufe ɗaki na tafi gida da fushina, ban mai da wayar inda take ba. Ni da ko tsinke ba na bari a kan miksa, ranar na bar ta da gangan, wai don Yaya ya gani da safe ya ji kunya.

Washegari da hantsi ina share ƙofar situdiyo, Yaya bai iso ba, sai na hango Baba tafe daga wajen kwata, kalangu rataye a kafaɗa. Bai taɓa taka wurin nan ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya leƙa ciki ya dubi katifun bango.

“Nan ne kuke tsare muryar mutane?”

“Nan ne, Baba.”

“To buɗe. Jiya na kira kakan Tanko na Ladi, sunan ya tsaya mani a maƙoshi, sai da kalangu ya tuna mani. Tun da ba wanda zai karɓa, a ba ƙarfen.”

Murna ta kama ni. Na shigar da shi, na kafa masa makirfo biyu, ɗaya a baki, ɗaya a gefen kalangu. Na tayar da janareta, na sa sabon kaset a rikoda mai layi huɗu, na dawo na zauna. Da kowane mawaƙi nakan ce ya gwada murya tukuna. Amma wa zai ce wa ubansa ya ce ɗaya, biyu? Kafin in gama sa abin saurare a kunne ya riga ya matse kalangu a hammata, ya yi bisimilla, ya buga. Na danna ɗauka. Kalangu ya shigo tsaf, gwanin daɗi. Sai ya buɗe baki ya kira sunan farko, sunan ya dawo mini a kunne sau shida.

A numfashin farko na gane. Ina so ku riƙe wannan, don nan ne duk maganar take. Ban manta ba har aka gama, ban kuma rasa sanin abin yi ba. Wayar tana bayan tebur, akwatin ma yana can, taku huɗu daga inda nake zaune, amma sai na ratsa ta gabansa, na tsai da shi, na ce ya koma farko. Shi kuwa Baba ba ya sa abin kunne, bai san komai ba, idonsa a rufe, ya shiga gidan mahautan farko yana jero matattunsu. A gidanmu an san cewa in makaɗi ya fara kiran zuriyar mutum ba a katse shi, don yanke mutum daga kakansa cin mutunci ne. Mun taɓa ganin ya daina gaisawa da wani shekara guda saboda ya yi masa magana a tsakiyar kirari. Na ce bari ya gama wannan gidan in ɗaga hannu. Ya gama, bai ko ja numfashi ba ya faɗa na biyu. Na ce bari ya gama na biyu. Haka na zauna, ni Sani mai kunne, ina zufa, ina kallon allurar rikoda tana rawa, har kaset ya kusa ƙarewa. Kunya ce, gaskiya ne. Amma akwai tsoro a ciki, kada ya tambaye ni me ya sa, in ce masa jiya na ɓata kayan aikina don in ba wani ɗan siyasa haushi.

Yaya ya shigo ana gab da gamawa, ya tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Da Baba ya ajiye makaɗi, ya share fuska da hannun riga, ya ce a sa masa ya ji. Na sa. Ya karkata kai yana saurare. Kowane suna yana fitowa, kafin ya sauka na biyu ya hau kansa, na uku ya hau kan na biyu, har abin ya zama kamar mutum shida suna gardama a cikin rijiya. Kalangu ne kawai ke tafiya shi kaɗai a sarari. Sai ya ɗago ya ce:

“Su wa ke amsa mani? Ni ban zo da 'yan amshi ba.”

Na sunkuyar da kai. Yaya ya dubi akwatin, ya dube ni, sannan ya ce:

“Baba, inji ne. Kuskure aka samu. Ka dawo gobe ko jibi mu sake, sai ya hita tsaf.”

A daidai lokacin motar Alhaji Bala ta tsaya a waje, lasifikarta tana kwarara waƙar jiya. Baba ya saurari wancan sunan yana maimaita kansa, ya dubi lasifikarmu, na ga ya gane cewa murya ɗaya aka yi musu, shi da mai neman ciyaman. Ya rataya kalangu.

“Ku gama da manyanku. In an yi zaɓe ku aiko.”

Aka yi zaɓe. Sai waƙoƙin murna, waɗanda suka faɗi kuma suna son na habaici. Aka gama wannan sai na rantsarwa. Na mai da wayar inda take tun ranar, amma ban aika ba. Kullum in na je gaishe shi sai in ce a raina sati mai zuwa, in ɗaki ya yi sauƙi, in na sami kaset mai kyau. Gaskiyar ita ce ba na son in sake ganin fuskar da ya yi. Shi kuma ba mutumin da zai tuna wa ɗansa alkawari ba ne. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba, ana ta shagalin sabuwar gwamnati, Baba ya faɗi a bakin rumfar Tanko na Ladi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi tare da shi. Ya yi kusan shekara biyu a kwance yana kallonmu, in ya yi ƙoƙarin magana sai wani sauti ya fito wanda ba na son tunawa.

Inna ce ta tuna da kaset ɗin. Ta ce a kawo a sa masa ko zai ji sanyi. Na yi ta kewaye-kewaye, ta matsa, na kawo. Muna zaune a ɗakinsa aka sa, bai kai minti biyu ba ya juya fuska bango. Inna ta kashe rikodar da kanta, ta fito da ni tsakar gida.

“Sani, wane ne ya yi ma ubanku wanga aiki?”

“Inna, Yaya ne ya juya wayoyi saboda 'yan siyasarshi.”

Haka na faɗa, kalma takwas ko tara, kuma sun fito mini da sauƙi ƙwarai. Da na ce shi ya sa a juya, da akwai rabin gaskiya. Cewa na yi shi ya juya. Maganar ta kai kunnen Yaya a ranar. Na jira ya zo ya ƙaryata ni, har na shirya abin da zan ce, bai zo ba. Bayan sati biyu ya aiko aka kwashe fiyano, ya buɗe nasa wurin, ya ci gaba da 'yan siyasarsa, waɗanda suka yi amfani da shi suka watsar kamar yadda suka yi wa kowa. Alhaji Bala ya zama babban mutum, ya wuce mu a mota ko ɗaga hannu babu. Ni kuma da na ga Yaya ya yi shiru sai na ƙara ƙarfi. Na faɗa a wajen zaman makokin Baba, na faɗa wa mahautan da suka zo neman kirarin iyayensu na sallame su hannu wofi, na faɗa muku. Na maimaita har na wayi gari ina jin haushinsa da gaske.

Aminu, kai ka san sauran, ko da yake ba ka san me kake taɓawa ba. Da ka buɗe naka situdiyon na kwamfuta ka zaunar da ni kana nuna mini yadda ake buɗe layi na musamman a ɗora masa eko, kowace murya a aika mata gwargwadon abin da ake so, in an ja ɗan maɓalli ƙasa ya ɓace. Kana ta bayani kamar sabon abu, ni kuwa ina ganin aikin Malam Iro ne aka zana a gilashi. Na kawo maka kaset ɗin ka juye shi, ka kwana biyu a kansa da duk dabarun da ka sani. Abin da ke cire eko ya cire, amma ya tafi da rabin sunayen, sauran suka koma kamar ana magana a cikin ruwa. Ka ce mini, “Baba, wanda ya yi wannan bai san aiki ba.” Na ce maka haka ne.

Watan jiya na je Ƙofar 'Yandaka. Na sami Yaya a zaure a kan tabarma, ƙafa ta kumbura, carbi a hannu. Muka gaisa doguwar gaisuwa irin ta waɗanda ba su da abin cewa. Sannan na faɗa masa. Na ce ni na juya wayar, ni na ƙara maimaici, na ji tun sunan farko ban tashi ba, kuma na yi masa ƙarya wajen Inna. Ina tsammanin zai yi mamaki, ko ya ce ya wuce.

“Ai ina tsaye ka juya ta, Sani. Mi kake gaya mani?”

“To mi ya hana ka hwaɗa, Yaya?”

“Ni na ce ka juya. Kuma ni ne babba. In na tsaya gaban Inna ina cewa ba ni ba ne, ƙanena ne, na zama mi?”

Na ce ya yafe mini. Ya ja carbi, ya ce:

“Na Baba ba nawa ba ne balle in yahe. Nawa kuwa, Inna ta rasu tana amsa gaisuwata da ka. Shekara goma sha ɗaya ina durƙusa mata tana kallon ƙofa. Kana jira in ce maka ba komi? Akwai komi.”

Can ya tambaye ni ko kaset ɗin yana nan. Na ce yana cikin wayar hannuna, Aminu ya juye mini. Ya ce in sa masa layin kalangu shi kaɗai, ban da muryar. Na sa. Ya fito tsaf kamar Baba yana zaune a zauren, kowane bugu a wurinsa, don shi wannan makirfon ban taɓa shi ba. Kun san kalangu magana yake yi. Duk sunan da Baba ya kira da baki, ya kira shi da makaɗi, gida bayan gida, babu wanda ya ɓace. Muka zauna mu biyu, 'ya'yan Malam Isa, tsofaffi, muna saurare. Yaya ya ɗaga yatsa a wani wuri.

“Nan kamar Tanko na Ladi yake cewa.”

“Kamar shi ne.”

“Na bayanshi fa?”

Na saurara iya saurarona. Na mayar baya na sake sa masa, na sake mayarwa. Ban sani ba, shi ma bai sani ba, kuma na bi kwata da rumfunan nama na tambaya, duk wanda zai iya ji ya riga mu gidan gaskiya.

Ban nemi ku yafe mini ba, don ban ga da wane baki zan nema ba. Abin da nake so shi ne ranar Juma'a in an sauko, ku haɗu dukkanku har da jikoki ku tafi Ƙofar 'Yandaka. Gidan yana bayan masu faci, ƙofarsa koriya. Ku yi sallama ku shiga har ciki, ku durƙusa ku gaishe shi yadda ake gaida uba. In ya tambaye ku wa ya aiko ku, ku ce wanda ya juya wayar ne.